Daminar da Na Zama Idon Malam

Bana ruwa ya yi mana rowa. Yau kwana goma sha tara ke nan rabonmu da ɗigo a Katsina, kuma jiya wani ɗan'uwanmu ya bugo waya daga ƙauye, ya ce shukar farko ta ƙone, suna jira su ga ko za a samu ta biyu. Na ajiye wayar na fita tsakar gida na ɗaga kai. Sama fes, ko gutsuren gajimare babu, sai shirwa guda tana shawagi. Na san irin wannan saman. Na taɓa zama ƙarƙashinsa kusan wata guda, a shekarar da azumi ya faɗo a farkon damina, ina da shekara ashirin, a wani ɗan ƙauye kusa da Tsaskiya.

Ni 'yar Batsari ce. Na gama kwalejin horon malamai, aka ɗaura mini aure, na tare a gidan surukaina ina jiran a tura ni makarantar da zan koyar. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, sunansa Lawal, amma Malam nake ce masa. Lokacin yana jami'a yana karatun digiri na biyu a kan injin nan da yanzu kowa ke kira kwamfuta. A ƙauyen babu wanda ya taɓa ganin irinsa, har ni. Inna, mahaifiyarsa, ba ta kama sunansa don ɗan fari ne. In za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan na birni”.

A shekarar kurkunu ya fito wa Baba, mahaifinsa, a ƙafa biyu, ya kwantar da shi a zaure daidai lokacin da ake gyaran gona. 'Yan'uwan Malam duk mata ne, suna gidajen mazajensu. Da aka yi ruwan farko sai aka aika masa, ya zo da niyyar ya yi mako guda ya yi shuka ya koma. Ya zo da jaka cike da takardu, ya ce aikinsa ne, saura kaɗan, kuma malamin da ke duba shi, wani Dokta Ba'indiye, zai koma ƙasarsu gaba ɗaya washegarin sallah. In bai gwada aikin a gabansa ya sa hannu ba, babu wani a sashen da ya san wannan fannin, sai dai a jira shekara, kuma gurbin aikin da aka ce za a ba shi a ɗakin injin wani za a ba.

Muka yi shuka cikin kwana huɗu. Gero ya tsiro, ya yi ganye biyu, muka ɗauki azumi, sai sama ta rufe bakinta. Kullum da hantsi iska mai zafi takan taso daga yamma, ta ɓangaren dajin, ta busa har la'asar. Ganyen geron ya naɗe kamar tsinke, ya yi fari, ya kwanta. Malam ya ce ba zai tafi ya bar gida haka ba, zai ƙara 'yan kwanaki.

Rijiyar garin ta ja baya, sai mutum ya zura guga ya jira ruwa ya tsattsafo. Ni da Inna mukan fita bayan sallar asuba da tuluna biyu, mu dawo rana ta ɗaga da ruwa ja kamar kunun kanwa, mu bar shi ya kwanta. Daga nan sai daka. Inna takan auna hatsin da ƙaramar ƙwarya, ta shafe bakinta da tafin hannu, ta ɗan mayar da kaɗan cikin buhu. Dusar da a da akan ba awaki, muka koma tankaɗe ta muna haɗawa da gari. Buɗa-baki kunun tsamiya ne tsararo, sai kwaɗon busasshiyar tafasa da ɗan ƙuli in an samu. Ba mu kai ga kwana da yunwa ba, amma ban tuna ranar da na tashi daga gaban kwano na ji na ƙoshi ba.

Ranar biyar ga azumi Baba ya ce a duba rumbu a ga irin da ya rage. Malam ya hau, ya zura kai da kafaɗa ciki. Ina bakin turmi na ji ya yi wata irin ƙara, ya faɗo ƙasa da hannu biyu a fuska.

“Gamsheƙa! Ta tofa mani a ido!”

Inna ta kwara masa ruwan da muka wuni muna tattali, tulu guda. Ni kuwa ban san lokacin da na fita da gudu ba, ko mayafi babu, na nufi rugar da ke bayan gonarmu. Habi, matar mai rugar, wadda ke kawo mana nono, tana jin abin da ya faru ta ɗauki ƙwarya ta nufi saniya. Shanun sun rame, ƙashin haƙarƙari a waje. Ta tatsa, ta sake tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin ƙwaryar ba. Shi ne abincin 'ya'yanta na ranar. Ta riƙo shi da kanta muka zo, ta durƙusa tana ɗiga masa a ido tana cewa, “Sannu, ɗan Inna, buɗe kaɗan, buɗe.”

Aka ɗora shi a jaki zuwa bakin hanya, aka kai shi ɗakin shan magani a Safana. Malamin asibitin ya wanke idon, ya sa man shafawa, ya naɗe duka biyun da bandeji. Ya ce na dama da alamar zai tsira, na hagu sai abin da Allah ya yi, kuma kada haske ya taɓa su har mako uku.

Kwana biyu Malam bai yi magana da kowa ba. Liman ya zo ya ce masa ya ajiye azumin, ya ƙi. A rana ta uku, bayan azahar, ya kira ni.

“Rabi, ɗauko jakar nan. Ke za ki zama idona.”

Na shimfiɗa tabarma a gindin bedin tsakar gida na zazzage jakar. Akwai wata doguwar takarda a ninke, mai huji-huji a gefe, in an warware ta sai ta kai ƙofar gida. Akwai littafi mai kauri na waɗanda suka ƙera injin, da fararen takardu masu gidan dara. Na ce masa ni ban ga farkon wannan abu ba balle ƙarshensa.

Ya ce, “Zauna in gaya miki. Injin nan mutum goma sha biyu ke aiki da shi a lokaci guda, kowa da allonsa. Amma kansa ɗaya ne. Sai ya yi wa wannan aiki kaɗan, ya bari, ya koma ga wancan, da saurin da kowa ke zaton shi kaɗai ake yi wa. Akwai wani ɓangare na tsarinsa, shi ne ƙwayar, shi ke raba wa kowa lokacinsa. A can aikina yake.”

Ya ce a cikin kan injin akwai 'yan gurabe da yake riƙe lambobin da yake aiki da su a wannan ƙiftawar, ana ce musu rajista. Na yi dariya na ce ni rajistar kiran sunan yara na sani. Ya ce waɗannan takwas ne ƙanana, shida manya. Duk lokacin da injin zai bar aikin wani, dole ya kwashe abin da ke cikin guraben ya adana, sannan ya ɗauko na mai bi ya zuba, don in ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wannan kwasa da zubawa ita ke cin lokaci. In ɗalibai sun cika ɗakin, sai injin ya yi ta jan ƙafa, mutum ya danna harafi ya jira kafin ya fito.

“To, manyan guraben nan,” in ji shi, “masu lissafi mai nauyi kaɗai ke taɓa su. Yawancin yaran rubutu kawai suke yi. Amma injin kwashe su yake yi duka, kowane juyi, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Ni so nake in sa alama. In mai aiki ya taɓa manyan, a kwashe. In bai taɓa ba, a bar su a wuce.”

Haka muka fara. Da safe rijiya da daka, bayan azahar takarda. Ina karanta masa layi-layi, harafi-harafi, shi kuma yana zaune ya jingina da bedi, fuska a naɗe, yana cewa tsaya, koma baya, soke wannan. Sabon da zai faɗa in rubuta shi a gidan dara, kowane harafi da gidansa. Kowane umarni kuma akwai lokacin da yake ci, an rubuta a littafin mai kauri. Ni ke dubawa in tara. Leɓena yakan bushe har ya tsage, harshe ya manne, in karanta layi goma in tsaya in haɗiyi abin da babu. Zufa ta riƙa ɗiga a takardar, sai na koma sa gefen zanena a ƙarƙashin hannu. Ƙudaje suna bin bandejin, ina kora da hannu ɗaya ina rubutu da ɗaya.

Inna ba ta so abin ba. Takan wuce da faifai ta tsaya a kanmu.

“Wanga karatu dai shi ya hana shi zama gida, yanzu kuma ga ido ya tafi ba a bar shi ya huta ba. Ke kuma, Malama, tabarya na can na jiranki.”

Sai in tashi in yi dakan in dawo. Ban ga laifinta ba. Ita kaɗai ke fama da mutum biyu a kwance, kuma ta fi kowa sanin abin da ya rage a buhu.

A tsakiyar azumi aka fita roƙon ruwa. Maza suka juya rigunansu, suka nufi bayan gari da rana tsaka, har da tsofaffi masu sanda. Washegari hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa, muka fito da kwanoni da tuluna. Ya yi ta rugugi, ya zagaye ta arewa, ya tafi ya sauka wani wuri. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai iska ta kawo mana. Wasu gidajen suka fara ɗaure kaya suna tafiya kudu. Mijin Habi ya kora shanunsa ya bi su, ya bar ta da saniya biyu.

Wajen ashirin ga wata muka gama rubutun. Na tara lokacin, ya fito ƙasa da rabin na da. Malam ya yi murmushi, na farko tun ranar rumbu. Sannan ya ce saura gwaji, tunda babu inji a nan, ni ce injin. Ya sa na ja layi takwas a littafin darasina, kowane layi gurbi guda, na sa wa kowane wata lamba da na ga dama. In bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, in rubuta abin da ya shiga kowane gurbi, in goge abin da ya fita. In an je an dawo, dole kowace lamba ta koma gidanta yadda take.

Na bi a hankali. Bakwai suka dawo daidai. Gurbin farko na sa masa arba'in da biyar, ya dawo da ɗaya.

“Kin yi kuskure,” in ji shi. “Sake.”

Na sake, ɗaya. Na canza lambobin na sake, ɗaya dai. Na tsaya na duba inda arba'in da biyar ɗin ta ɓace, sai na gani. A layi na uku, don injin ya duba alamar nan tasa, yakan ɗauko ta ya sa a gurbin farko. Amma adana gurbin farko sai a layi na shida.

Na ce, “Malam, ka zuba alamar a kan lambar mutane tun ba a kwashe ta ba.”

La'asar ce, lokacin da azumi ya fi cizo. Ya ɗaga murya ya ce shekara biyu yana kan wannan aiki, ni kuwa koyar da 'yan aji ɗaya aka koya mini, in karanta abin da aka sa ni in bar abin da ban sani ba. Inna na jin mu daga madafa. Na tattara takardun na sa a jaka, na je na karɓi muciya a hannunta. Ranar ko kunu ban iya sha ba sosai.

Washegari muna dawowa daga rijiya na same shi zaune a gindin bedin, ya lallubo jakar da kansa ya ɗora a cinya.

“Karanta mani daga layi na ɗaya zuwa na shida.”

Na karanta. Ya bi layukan a ransa, leɓensa na motsi. Sai ya ce, “Innalillahi. Rabi, kin san irin wannan? Injin ba zai tsaya ba, ba zai yi ƙara ba. Zai ci gaba da aiki lafiya lau, yana ɓata wa mutane lissafi ɗaya-ɗaya, ba wanda zai san daga ina.” Ya miƙo hannu yana lalube har ya sami nawa. “Ki yafe mani maganar jiya. Yunwa ce da tsoro.”

Muka mayar da layi na shida sama. Na sake bi sau biyar, komai ya koma gidansa. Na kwafe shi tsaf a sababbin takardu. Sai maganar wanda zai kai. Gidan waya ba zai isar kafin Dokta ya tafi ba, kuma in injin ya ƙi wani layi, sai wanda ya san aikin ne zai iya gyarawa a wurin. Malam ya ce ni. Baba ya amince, ya ce direban motar da ke zuwa garin sau ɗaya a mako ɗan abokinsa ne, zai damƙa ni ga direba na gaba a Dutsin-ma. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka aiki amarya birni ita kaɗai ba, ta shige ɗaki.

Ana gobe motar za ta zo, ashirin da biyar ga azumi, ana shirin kiran magariba, ruwa ya sauko. Ba iska, ba rugugi, kawai ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Muka sha ruwa da ruwan sama a tsaye a tsakar gida. Malam ya sa na kai shi bakin ƙofa ya miƙa hannu waje yana tara.

Da gari ya waye ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Duk wanda ya yi noma ya san wannan: in ba a shuka ranar ba, rana ta yi kwana biyu, an rasa. Irin da ya rage ɗan kaɗan ne, ba na uku. Kowane gida ya fita nasa, babu wanda za a roƙa. A gidanmu mai ido da ƙafa mu biyu ne, ni da Inna. Ina jin ƙahon motar daga bakin kasuwa na ajiye jakar, na ɗaura ɗamara, na ɗauki ƙwaryar iri.

Inna ta fito da sungumi a kafaɗa. Ta dube ni, ta karɓe ƙwaryar daga hannuna.

“Ina za ki?”

“Gona, Inna.”

“Ke kika ga abin da shi bai gani ba, ko ba ke ba? Ina ji ai. Ɗauki jakarki.” Ta juya wajen ɗanta. “Kai kuma tashi. Ido ne ba ka da shi, ƙafa na nan. Ni in sara, kai ka bi ka zuba ka taka.”

Daga bayan motar na hango su. Ta ɗaura igiya a ƙugunta, ya riƙe bakin igiyar da hannun da ke rungume da ƙwarya, yana laluben ramin da yatsan ƙafa.

Sai bayan la'asar na isa, na sauka wurin matar wani abokin Malam. Da safe aka kai ni ɗakin injin. Sanyin ɗakin na fara ji, har na ja mayafi, ni da na yi wata ina gasuwa. Injin kamar kabad uku a jere, yana ta gunji. Dokta ɗan siriri ne mai furfura. Ya ji labarin idon ya dafe kai, sannan ya karɓi takardun ya ba wata mata ta buga. Ta tsallake layi guda wurin bugawa. Ina tsaye a bayanta na nuna mata. Aka sallami kowa daga ɗakin, aka kashe injin aka tayar da shi da sabon rubutun, aka kira ɗalibai suka cika kujerun. Ni dai ban ga komai ba sai mutane suna danne-danne. Can wani ya juyo ya ce da na kusa da shi, “Yau me aka yi wa abin nan? Gudu yake.”

Dokta ya bar shi yana aiki har washegari, ya gwada lissafi iri-iri, sannan ya sa hannu. Da zan tafi ya ga littafin darasina ya buɗe, ya tsaya a shafin layi takwas ɗin, inda gogewa ta kusa huda takardar. Ya tambayi wanda ya yi. Na ce ni. Ya sa na nuna masa inda lambar ta ɓace. Sai ya zauna ya rubuta wasiƙa ya sa a ambulan, ya ce in kai wa shugaban sashen in an buɗe sabuwar shekara, za a ɗauke ni in fara karatun. Ya ce irin wannan kan bai kamata ya tsaya a nan ba.

Na dawo gida ranar jajibere. Daga hanya na ga gonarmu ta tsiro, layukan sun karkace, wani wurin cunkus, wani wurin fili. An kwance wa Malam bandeji da safen nan. Idon dama ja ne amma yana gani. Na hagu ya yi fari fat, haka ya zauna har ƙarshen ransa. Ya dube ni da ɗayan ya ce, “Kin rame.” Na ba shi takardar da Dokta ya sa wa hannu. Wasiƙar kuwa na sa ta a ƙasan akwatina.

Ruwan ya ɗauke da wuri a shekarar. Abin da muka girbe bai kai mu rani ba. Albashin Malam na farko a ɗakin injin shi ya ciyar da gidan, da na Habi. Baba bai ƙara noma ba. Ni ina da cikin fari, aka tura ni wata firamare a Safana, na riƙa zuwa ina dawowa ina duba su Inna. Sabuwar shekarar karatu ta zo ta wuce. Na koyar da lissafi har na yi ritaya, kuma ban ƙi aikin ba.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu, muna kwashe kaya za mu koma sabon gida, ambulan ɗin ya faɗo daga cikin tsofaffin zannuwa. Malam ya ɗauka ya ga rubutun Dokta. Ya buɗe, ya kawo takardar kusa da idonsa mai gani, ya karanta har ƙasa, ya koma sama. Ya zauna a kan akwatin.

“Da kin nuna mani, Rabi.”

“Da na nuna maka, da me za ka ce?”

Masu ɗaukar kaya na waje suna jira.

“Wallahi ban sani ba,” in ji shi. “Ina so in ce da na ce ki tafi. Amma ban sani ba.”

Na ce masa ni ma abin da ya hana ni nunawa ke nan. Ya ninke wasiƙar yadda take, ya miƙo mini da hannu biyu.